A Ba Likitan Dabbobi Ranar Karatu

Kaka ta yi, an kai hatsi rumbu, shanu sun fara shiga gonaki kiwon kara. Yanzu ne kuma ma'aikatan dabbobi su ke shirin fita allurar rigakafi, tun makiyaya ba su gangara kudu neman ruwa ba. A irin wannan lokaci a kan ji wani gunaguni a ƙofar asibitin dabbobi. Manomi ya taso tun da asuba, ya baro bijimin huɗarsa kwance yana nishi, ya iso ya tarad da ofis a kulle. Ya tambayi masinja, masinja ya ce, "Ai likita ya tafi Zariya karatu, Baba, sai mako mai zuwa." Manomi ya juya yana cewa, wane irin karatu ne wannan da ba ya ƙarewa, mutum da gemunsa da iyalinsa?

Akwai kuma gunaguni na biyu, wanda manomi ba ya ji, domin a cikin ofis a ke yinsa. Likita ya nemi a ba shi sarari ya ƙaro ilmi, shugabansa ya ce babu wanda zai riƙe masa aiki. Sai ya dinga wuni a kara da mahauta da rugage, in dare ya yi ya kunna fitila ya buɗe littafi, barci yana fizgarsa. Ran da jarrabawa ta matso ya ce ba shi da lafiya, ko ya ce an yi masa rasuwa a gida, ya sulale ya tafi.

Gunagunin nan biyu tushensu ɗaya ne. Ba a yanke wa karatun likita lokacinsa a fili ba, shi ya sa a ke yinsa kamar sata. Ra'ayin wannan fili shi ne a yanke masa lokaci daga cikin ranakun aiki, a rubuta, a sanad da jama'a, a kuma ɗaura wa likitan sharuɗɗa masu ƙarfi. Ga dalilai.

WANE IRIN KARATU NE?

Yaron da ya shiga jami'a a Zariya, ko Maiduguri, ko Sakkwato don ya zama likitan dabbobi ya kan yi shekara shida. Cikin shekarun nan an koya masa shanu da tumaki da awaki, da dawaki da raƙuma, da kaji da karnuka, har da kifi. An koya masa fiɗa, da duba nama, da haɗa magani. Mutumin da aka koya wa wannan duka ya san kaɗan daga ko wane, amma bai ƙware a ɗaya ba. Ƙwarewa sai a karatu na gaba, watau digiri na biyu, ko na uku, ko kuwa horon Kwalejin Ƙwararrun Likitocin Dabbobi ta Nijeriya, wadda ke ƙarƙashin Majalisar Likitocin Dabbobi. A nan ne wani ya ke zama gwanin cututtukan kaji, wani gwanin haihuwar shanu, wani gwanin bin sawun annoba, wani gwanin duba jini da madubin likita.

Yawancin masu wannan karatu ma'aikata ne masu iyali. Ba su da halin ajiye albashi su koma ɗakin makaranta. Gaskiya ne dokar aikin Gwamnati ta tanadi hutun karatu, da albashi ko ba albashi, ga ma'aikacin da aka tabbatar masa da aikinsa. Amma hutun nan ya kan ɗauke mutum ɗungum shekara ɗaya ko biyu, kuma 'yan kaɗan ne su ke samu. Sauran fa, waɗanda su ke karatu suna kan aiki? Da waɗanda su ke aiki a gidajen kaji da kantunan magani na 'yan kasuwa? Su ne ba su da wata ƙa'ida sai abin da maigida ya ga dama.

A Ingila an yi wa abin lissafi. Majalisar likitocin dabbobi ta can ta ɗora wa ko wane likita karatun awa 35 a shekara muddin yana aiki. Takardar ƙwarewar da likitocinsu su ke nema suna kan aiki kuwa, an ƙiyasta tana cin awa 600. Akawu ya ɗauki alƙalami ya raba. In likita yana karatun awa ɗaya ko wane dare, ba fashi ko ran Salla, sai ya yi wata 20. In kuwa an ba shi wuni guda na awa takwas a ko wane mako, mako 75 ke nan, wajen shekara ɗaya da rabi. Tsawon lokacin bai bambanta da yawa ba. Bambancin yana ga abin da ya zauna a kai. Awa ɗaya ta mutumin da ya wuni yana kokawa da bijimai ba daidai ta ke da awa ɗaya ta safiya ba, balle ma akwai karatun da ba ya yiwuwa a ɗaki da fitila. Ba a koyon shuka ƙwayar cuta ko yanka huhun saniya a duba sai a ɗakin bincike, da rana, gaban malami.

ABIN DA BUSHIYA TA KOYAR

Wanda ya ke shakkar amfanin zurfin ilmi ga dabbobi ya tambayi tsofaffin Fulani labarin bushiya. Wajen shekarar 1890 ta ratso ƙasashen nan daga gabas, ta kashe mafi yawan shanu, har masu garke ɗari suka wayi gari da sanda kaɗai. Ita ce babban dalilin da ya sa aka kafa ɗakin binciken cututtukan dabbobi a Vom cikin 1924. Cikin 1962 aka fara babban gangamin allura na haɗin guiwa tsakanin Nijeriya da Nijar da Kamaru da Cadi, ana yi wa ko wace saniya allura shekara uku a jere, ana huda mata kunne don shaida. Allurar da ta ƙarasa aikin, wani likitan dabbobi ne Bature, Walter Plowright, ya gano ta. Ya taɓa aiki a Vom, sa'an nan ya koma Kenya cikin 1956, inda ya yi shekaru yana raya ƙwayar cutar a cikin kwalba har ta yi laushin da za ta kare saniya ba ta kashe ta ba. Da an ce masa kullum ya fita yawon rugage, karatu da bincike ya yi su da dare, da ba a sami allurar ba.

Bayan gangamin aka yi sake, aka daina bin maruƙa da allura yadda ya kamata. Cikin 1983 bushiya ta dawo Nijeriya, ta kashe shanu dubbai ɗaruruwa, waɗansu makiyaya ba su sake farfaɗowa ba. Ɗaya daga cikin wahalolin shi ne allurar ba ta jure zafi, sai an riƙe ta cikin ƙanƙara daga Vom har ruga. Masu bincike suka sake duƙufa har suka samo hanyar busar da ita ta jure zafi wajen wata guda, aka gwada ta a kan shanun Nijar, aka buga sakamakon cikin 1990. Cikin 2011 aka yi shela duniya ta rabu da bushiya. Ko wane mataki na wannan nasara, wani ne aka ba shi lokaci ya zauna ya yi nazari, ana biyansa albashi.

Bushiya ta tafi, amma 'yan'uwanta suna nan. Ciwon huhu yana nan, allurarsa kuma ba ta wuce kamar shekara guda a jiki, dole a sake. Sammore yana nan, da bakkale mai sa ɓari, da kirci, da harbin daji, da ciwon hanta a fadamu. Annobar awaki da tumaki, wadda ta ke dangin bushiya ce, ƙasashen duniya sun yi alkawari cikin 2015 za su kawar da ita kafin ƙarshen 2030. Ƙidayar dabbobi ta 1990 ta sami shanu kusan miliyan 14 a Nijeriya, awaki fiye da miliyan 34, tumaki miliyan 22. Dukiyar da a ke magana a kanta ke nan, kuma mafi yawanta a Arewa ta ke.

Sa'an nan ga cututtukan da ba a saba da su ba. Cikin watan Fabrairu 2006 aka tabbatad da murar tsuntsaye a wani gidan kaji kusa da Jaji a Jihar Kaduna, karo na farko a Afirka. Ta bazu Kano da Filato da sauran wurare, aka hallaka kaji masu yawa, ta sake dawowa cikin 2015 da 2021. Likitan da ya gama makaranta kafin 2006 bai taɓa ganinta da idonsa ba. Cikin Yuli 2023 kuma aka tabbatad da ciwon saifa a wata gona kusa da Suleja. Wannan ciwo, in dabba ta faɗi farat ɗaya jini yana fita ta hanci da dubura, abin da mai ita zai fara yi shi ne ya zaro wuƙa kada ta yi mushe. Alhali kuwa buɗe cikinta shi ne babban haɗari, gama ciwon yana kama mutum, ƙwayarsa kuma ta kan zauna cikin ƙasa shekaru da yawa. Likitan da ya gane ciwon a ranar farko ya ceci garke da mahauci da masu cin nama. Wanda bai gane ba sai bayan mako biyu, ya tarar nama ya riga ya shiga kasuwa.

Akwai wata ɓarna kuma da ke tafe a hankali. Ko wace kara yanzu akwai mai tebur yana sayad da allurai, makiyayi ya saya ya yi wa shanunsa da kansa, sau da yawa rabin ƙa'ida, ko maganin da bai dace da ciwon ba. Ta haka ƙwayoyin cuta su ke sabawa da magani. A wurare da dama na Afirka an tabbatar sammore ya fara ƙin jin magungunan da aka daɗe ana yi masa, irin su Berenil da Samorin. Sanin wane magani ne har yanzu ya ke ci a wace gunduma, aikin mai bincike ne, ba a gane shi da ido.

ABIN DA MASU ƘI SU KE CEWA

Masu ƙin wannan shawara ba wawaye ba ne, hujjojinsu kuma suna da nauyi.

Ta farko, likitoci ba su da yawa. Akwai ƙananan hukumomin da likita ɗaya ne ke riƙe da su, akwai ma inda babu ko ɗaya. In an cire wuni guda daga cikin biyar, an rage kashi ɗaya cikin biyar na aikin da dama bai isa ba. Wannan gaskiya ne. Amma a tuna likitan nan yana tafiya karatunsa ko an ba shi izini ko ba a ba shi ba, sai dai ba wanda ya san ranar. Manomin da ya san ran Talata likita ba ya nan zai zo ran Litinin, ko ya nemi malamin dabbobi. Wanda bai sani ba shi ne ke asarar kuɗin mota da wunin aiki, wani lokaci har da bijimin.

Ta biyu, a kan ce da zarar likita ya sami digirin sai ya tsere, ya koma koyarwa a jami'a, ko ya bi ƙungiyoyin ƙasashen waje, ko ya haye jirgi. Wannan ma yana faruwa. Amma a duba wane ne ya fi saurin tserewa. Wanda ya yi karatu da kuɗinsa da barcinsa, yana ɓoyewa, ba ya jin akwai bashin kowa a kansa. Wanda aka ba shi rana, aka sa hannu a takarda, yana da igiya a ƙafa. Kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski.

Ta uku ita ce mafi ɗaci, kuma likitoci su ji ta. Waɗansu ba ilmi su ke nema ba, takardar ƙarin girma su ke nema. Sai mutum ya zaɓi binciken da ya fi sauƙi, a kan ɓeraye a cikin keji, ya rubuta littafi da Turanci a ajiye a kanta, ƙura ta rufe shi, ba saniya ɗaya da ta amfana. Irin wannan karatu ba shi da hakki a kan ranar aiki. Mai sonsa ya yi shi ran Asabar.

Ta huɗu daga akawuna da sauran ma'aikata ta ke fitowa: don me likita zai sami rana su ba su samu ba? Amsa ita ce ilmin cuta da magani yana sakewa da sauri, kuskure a cikinsa kuma rai ya ke ci. Duk da haka ƙorafin yana da kan gado ta wani gefe. Malamin dabbobi, wanda ya fito makarantar Vom ko ta Hanyar Mando a Kaduna, shi ne ke kwana a ruga, shi ne ke fara ganin ciwo. In za a buɗe wa likita ƙofa, kada a rufe wa malamin.

Masu gidajen kaji da kantunan magani kuwa su kan ce su ba Gwamnati ba ne, albashi daga aljihunsu ya ke fita. To, ɗan kasuwa ya fi kowa iya lissafi. Ya ɗauki kashi ɗaya cikin biyar na albashin likitansa na shekara, ya aza shi kusa da kuɗin kaji dubu biyu masu ƙwai da za su iya mutuwa cikin mako guda in an makara gane ciwo, ya ga wanne ya fi nauyi. Manomi ba ya cewa ya yi asarar wuni don ya kai garmarsa maƙera.

YADDA YA KAMATA A SHIRYA

Taura biyu ba ta taunuwa, sabo da haka sai an tsara wa ko wace lokacinta. Ga yadda za a yi ba tare da an cuci mai dabba ba.

Da fari, wuni guda a mako, ko kuwa a tara shi ya zama mako guda a bayan ko wane mako huɗu na aiki ga wanda makarantarsa ta ke nesa. A rubuta ranar a allo a ƙofar asibiti, da boko da ajami, tare da sunan wanda ya ke riƙe da aiki da lambar wayar ofis. A gaya wa hakimi da ardo da sarkin fawa da sarkin kara.

Na biyu, ranar kasuwa ba ta zama ranar karatu. Likitan Maigatari ba shi da karatu ran Alhamis, na Wudil ran Jumma'a, na Potiskum ran Laraba, domin a kara ne cuta ta ke sauka daga wata ƙasa ta hau mota zuwa wata. Haka nan makonnin allurar rigakafi, da makonnin da ke gaban Babbar Salla sa'ad da raguna su ke cika kasuwa, da duk ran da annoba ta ɓarke. A waɗannan lokatai littafi ya jira, a biya likita ranakunsa daga baya. Jami'o'i su ma su taimaka, su daina sa jarrabawar ma'aikata a tsakiyar lokacin allura.

Na uku, a yi karɓa-karɓa. Kada likitoci biyu na shiyya ɗaya su ɗauki rana ɗaya, kada kuma a saki fiye da abin da shiyya za ta iya ɗauka a shekara. A bi layi bisa ga daɗewa a aiki da bukatar wurin, a kafa jerin sunayen a fili, don kada abin ya zama na 'yan gaban goshi.

Na huɗu, abin da likita zai bincika ya fito daga ƙasar da ya ke aiki. Wanda ya ke bakin fadamun Haɗeja ya duba ciwon hanta. Wanda ya ke inda tsando ya yi yawa ya duba ko maganin sammore yana ci. Wanda ya ke mahautar birni ya ƙidaya huhun da ya ke samu da ciwo, ya bi sawun inda shanun suka fito. In an yi haka, ranar karatu ma aikin gunduma a ke yi a cikinta, rugagen da ya ke zagawa kuma su ne ɗakin karatunsa na biyu.

Na biyar, ko wane wata shida ya kawo shaidar malaminsa cewa yana ci gaba. In ya yi sakaci a karɓe ranar a ba na bayansa. In ya gama ya zauna a wurin aikinsa aƙalla gwargwadon shekarun da aka ba shi, in kuwa ya ƙi ya biya kuɗin ranakun.

Na shida, in ya gama ya tara makiyaya da manoma da mahauta a ƙofar hakimi, ya gaya musu abin da ya gano da Hausa ko Fulatanci, ya kuma koya wa malaman dabbobin da ke ƙarƙashinsa. Shanun mutane aka ɗebi jininsu, suna da hakkin su ji abin da aka gani a ciki.

Cikin 2024 Gwamnatin Tarayya ta kafa ma'aikata ta musamman don kiwon dabbobi, waɗansu jihohi kuma sun bi sawu. Za a yi maganar gina asibitoci da sayen motoci da firji, duka kuwa ana bukatarsu. Amma wannan shawara ba ta bukatar bulo ko ɗaya. Takarda ce guda daga babban sakatare zuwa ga daraktan likitocin dabbobi, da allo a ƙofar ofis. Ƙungiyoyin makiyaya da na dillalan shanu da na masu kaji su ne ya kamata su fara neman a rubuta ta, tun da ya ke dukiyarsu ce a ke kiwo da ilmin likitan. Manomin da ya tarad da ƙofa a kulle kuwa yana da gaskiya da ya yi fushi. Abin da zai nema a wurin hukuma shi ne a gaya masa ranar, a bar masa wani a madadin likita, likitan kuma in ya dawo ya dawo da abin da zai tashi bijimin.

Allah ya ba da lafiyar dabbobi, ya kai kowa damina mai albarka.